Tatsar nono kafin haihuwa: me take iya yi, me ya fi ƙarfinta?

A asibitocin haihuwa da dama na Ingila da Ostareliya, idan mai ciki ta je awo a mako na 36, ungozoma kan miƙa mata ’yar jaka ɗauke da ƙananan sirinji marasa allura, kowane ɗaya mai cin mililita guda, tare da takardun liƙawa na rubuta suna da kwanan wata. Sai a koya mata yadda za ta matso ’yan ɗigon dakashi da hannunta, ta zuƙe su a sirinji, ta adana a firiza har ranar da naƙuda za ta zo. Labarin wannan al’ada ya iso garuruwanmu, sai dai ya yi ƙiba a hanya. Abin da ya shiga kunnen matan birni shi ne, wai idan mace ta sayi injin tatsa ta soma aiki da shi tun cikinta yana wata bakwai ko takwas, to ranar da ta sauka nono zai zo mata a wadace, babu jiran kwana uku, babu kukan jariri. Masu sayar da injin kuma ba su ga dalilin musantawa ba.

Damuwar da ke ƙarƙashin wannan magana ta gaskiya ce. Duk mai haihuwar fari ta san ana jiranta da tambaya: nono ya zo kuwa? Ta san uwar miji za ta leƙo ta ce yaron nan ba ya ƙoshi, ta kuma san kuɗin madarar gwangwani ba na wasa ba ne. Wadda take aikin ofis tana lissafin ranar da hutun haihuwa zai ƙare. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mace ta so ta riga matsalar tun ba ta zo ba. Amma amsar da jiki ke bayarwa ba ta da daɗin ji ga mai injin: ga mace mai ciki, tatsa kafin haihuwa ba ta ƙara yawan nonon da za ta samu bayan ta haihu. Tana da wani amfani daban, ga wasu mata daban, kuma akwai waɗanda bai kamata su taɓa ta ba ko kaɗan.

Tun wajen mako na 16 na ciki mama ya fara haɗa dakashi, wannan ruwan mai kauri mai launin rawaya. Sinadarin furolaktin, wanda shi ne ke ba mama umarnin yin nono, yana ta hawa a jinin mace har ƙarshen ciki. To me ya hana nono kwararowa tun a lokacin? Mabiyiya ce. Tana zuba sinadarin firojestaron cikin jini da yawan gaske, shi kuma yana danne aikin furolaktin a cikin mama. Muddin mabiyiya na manne da mahaifa, mai tatsa da inji tana taka totur ne alhali birki na danne. Sai an haihu, mabiyiya ta faɗo, firojestaron ya yi ƙasa warwas, sannan ƙofa ke buɗewa. Shi ya sa nono ke cikowa a kwana na biyu zuwa na huɗu bayan haihuwa, ko mace ta tatsa a baya ko ba ta tatsa ba. Hatta wadda ta haifi ɗa babu rai nono yana ciko mata, domin a wannan mataki sinadarin jini ke ja gaba, ba tsotso ba.

Akwai shaidar wannan a kowace unguwa. Dubi macen da ta yi kwanika, ta samu ciki tana goyo. Yaron yana tsotso dare da rana, kuma babu injin da ya kai bakin yaro iya janyo nono. Duk da haka yawancin irin waɗannan mata kan ga nonon yana ja baya kafin cikin ya kai rabi, ɗanɗanonsa ya sauya, wani yaron ma ya yaye kansa. Idan tsotson ɗan shekara ɗaya bai iya rinjayar mabiyiya ba, roba da batir ba za su iya ba.

Maganar tatsa kafin haihuwa ba yau ta fara ba. A 1946 wani likita a Landan, Harold Waller, ya wallafa bincikensa kan masu haihuwar fari da aka koya wa matse dakashi da hannu a watannin ƙarshe na ciki, ya kuma ba da rahoton cewa sun fi sauran daɗewa suna shayarwa. Ungozomomin Ingila suka rungumi abin na tsawon shekaru, daga baya aka yi watsi da shi saboda tsoron tayar da naƙuda kafin lokaci da kuma rashin ƙwaƙƙwarar hujja. Ya sake dawowa ne ta hanyar masu ciwon sukari, kuma gwaji mafi girma da aka yi a kai nasu ne. Farfesa Della Forster ta Jami’ar La Trobe da abokan aikinta sun gudanar da shi a asibitoci shida na jihar Biktoriya a Ostareliya, mujallar Lancet ta buga sakamakon a 2017. Mata 635 masu ciwon sukari a lokacin ciki aka raba gida biyu. Rukuni ɗaya aka ce su riƙa tatsa da hannu sau biyu a rana, kada ya wuce minti goma, daga mako na 36. Ɗaya rukunin aka bar su yadda aka saba.

Abin da aka gano yana da kyau, amma ba shi da girman da ake ba shi. Tatsar ba ta sa an haihu da wuri ba. Jariran da aka kwantar a sashen kulawa ta musamman kusan ɗaya ne a ɓangarorin biyu, 15 cikin ɗari a nan, 14 a can. Jariran masu tatsa sun ɗan fi samun nonon uwa zalla a yininsu na farko a duniya. Da aka waiwaye su bayan wata uku, bambancin ya ɓace. Sannan ga adadin da ya kamata kowace mai ciki ta ji: matsakaiciyar mace a cikinsu, bayan makonni tana tatsa, abin da ta tara gaba ɗaya bai wuce kimanin mililita biyar ba, wato cikin cokalin shayi guda. Wasu sun tara da yawa, wasu ko ɗigo ba su samu ba. Kuma yawan abin da mace ta matso tana da ciki ba ya nuna yawan nonon da za ta yi daga baya. Wadda ta matsa ba ta ga komai ba kada hankalinta ya tashi. Wadda rigarta ke jiƙewa tun wata shida kada ta ɗauka ta gama da matsala. Tatsar kuma ba ta ƙarar da dakashi, mama na ci gaba da yin sabo har bayan haihuwa.

Cokali ɗaya kuwa ba abin rainawa ba ne idan aka san girman cikin jariri. A rana ta farko abin da yake sha a zama ɗaya mililita biyu ne zuwa goma. Ɗan mai ciwon sukari ya saba da jini mai zaƙi tun yana ciki, jikinsa na fitar da insulin mai yawa. Ana yanke cibiya sukarin ya daina zuwa, insulin ɗin kuma yana nan, sai sukarin jininsa ya faɗi. Dole a ba shi wani abu da sauri, ga shi kuma nonon masu ciwon sukari yakan yi jinkirin cikowa. A nan sirinji biyu ko uku na dakashin uwa ke hana a buɗe gwangwani. Haka abin yake ga jaririn da hoto ya nuna yana da tsagar leɓe ko ta ganɗa, ko ciwon zuciya da zai sa a raba shi da uwarsa, ko uwar da aka sa wa ranar tiyata. Guzuri ne na awannin farko, iyakarsa ke nan.

Sai batun haɗari, wanda masu talla ba sa kawowa. Taɓa kan mama yana sa ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin oksitosin, shi ke matso nono waje, kuma shi ne dai ke murɗa mahaifa. Ruwan naƙuda da ake ɗaura wa mata a asibiti shi ne wannan sinadari, na kwalba. Duk mai jego ta san yadda mararta ke murɗawa idan jariri ya kama mama a kwanakin farko. Wani nazari na cibiyar Cochrane da ya tattara gwaje-gwajen da aka yi kan mata masu cikin da ya isa haihuwa ya nuna cewa kimanin 37 cikin ɗari na waɗanda suka riƙa motsa mama na tsawon lokaci kowace rana sun shiga naƙuda cikin kwana uku, a cikin waɗanda ba su motsa ba kuwa kimanin shida ne cikin ɗari. Wannan ya nuna abin yana aiki a mahaifa da gaske. Minti goma da hannu a mako na 36 daban, rabin awa da injin lantarki mai jan mama biyu a wata na bakwai daban. A tuna kuma matan gwajin Ostareliya an tace su ne, an cire duk mai wata matsala. Saboda haka wadda ta taɓa haifar bakwaini, ko aka ɗinke mata bakin mahaifa, ko take ganin jini, ko mabiyiya ta sauko ta tare hanya, ko take ɗauke da tagwaye, ba da ita ake wannan magana ba sai likitanta ya ce. A wurin da kwalbar jarirai ta yi ƙaranci, haifar bakwaini saboda neman nonon da ko ba a nema ba zai zo, asara ce da ba ta da madafa.

Ko an cire maganar haɗari, inji bai dace da dakashi ba. Yana da kauri da danƙo, kaɗan ne kuma, sai ya maƙale a mazurarin injin da bututunsa, a wanke shi a zubar. Hannu ya fi. Mace ta wanke hannu, ta ɗora tsumma mai ɗumi a mama na ɗan lokaci ko ta yi bayan wanka, ta shafa a hankali daga sama zuwa ƙasa. Sai ta sa babban yatsa a sama, manuniya a ƙasa, kamar faɗin yatsu biyu baya da kan maman. Ta danna ciki wajen ƙirji, ta haɗa yatsun, ta saki, ta sake, a natse. Ba a jan kan mama, ba a mintsininsa, ba a goga yatsa a fata. Idan da zafi to ba a yi daidai ba. Ɗigon farko kan tsaya a kan maman yana ƙyalli, wani lokaci sai an yi kwanaki ana gwadawa kafin ya fito. Idan wuri ɗaya ya daina bayarwa sai a juya yatsu zuwa wani gefen. Da zarar mara ta fara murɗawa a kai a kai, ko an ga jini, ko motsin ɗa ya ragu, a tsaya a nufi asibiti.

A ganina wannan koyon shi ne ribar da ta fi ta sirinji. Macen da ta san hannunta tun kafin ta haihu, idan jaririnta ya zo da barci ya ƙi kama mama, za ta matsa masa a cokali ta ba shi. Idan mama ya cika ya yi tauri a kwana na uku har bakin yaro ya kasa kamawa, za ta rage ya yi laushi. Wannan ba ya buƙatar wuta ko kuɗi. Adanawa kuwa tana buƙata. Ƙa’idar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ita ce nono ya yi awa huɗu a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba, kwana huɗu a firji, wata shida a firiza, kuma wanda ya narke ba a mayar da shi ya sake daskarewa, a yi amfani da shi cikin awa 24. A Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu zafi na haura digiri 40, firizar da ke jiran wutar NEPA kuma tana narkewa tana daskarewa ba adadi. Dakashin da ya kwana huɗu a irin wannan firiza ya fi kusa da cuta fiye da magani. Wadda ba ta da tsayayyar wuta, ta koyi hannun, ta bar tarawar.

Akwai dai mace ɗaya da injin ke gina wa nono tun jariri bai iso ba, ita ce wadda ba ta da ciki. Ba ta da mabiyiyar da za ta danne ta. A ƙasashen Turai da Amurka, matan da za su karɓi riƙon jariri, ko waɗanda wata ta ɗaukar musu ciki, kan bi tsarin da Dokta Jack Newman da Lenore Goldfarb na Kanada suka shahara da shi. Ana ba mace ƙwayar tazarar haihuwa na wasu watanni tare da maganin da ke ɗaga furolaktin, domin jiki ya zaci ciki ne. Kimanin mako shida kafin jariri ya zo sai ta daina ƙwayar, abin da ke kwaikwayon faɗowar mabiyiya, ta shiga tatsa duk bayan awa uku har da dare. Da farko ɗigo ne, sannu a hankali ya ƙaru. Mafi yawansu ba sa samun abin da zai ishi yaro shi kaɗai, sai a haɗa da madara ta wani siririn bututu da ake liƙawa a kan mama, yaro na tsotso yana samun biyun. Daga irin labarin waɗannan mata ne, a zatona, maganar ta ɓalle ta faɗa kan masu ciki. Maganin da aka fi amfani da shi, domperidone, asalinsa na tashin zuciya ne, kuma tun 2004 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa saboda yana iya rikita bugun zuciya. Samunsa a kemis ba izinin sha ba ne.

Mu ma mun san wani abu mai kama da wannan tun kafin a ƙera inji. Uwa ta rasu wajen haihuwa, sai goggo ko inna da ta daɗe da yaye ta ɗora marayan a mama, ta daure da tsotsonsa kwana da kwanaki har ruwa ya dawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan dawo da nono ta wannan hanya a 1998. A Malesiya kuwa Musulmi masu riƙon yara na neman nono da gangan domin yaron ya zama muharraminsu. Wannan ya taɓo abin da duk mai tatsa ya kamata ta riƙe: a mazhabar Malikiyya ba sai an kai sau biyar ba kamar yadda Shafi’iyya ke cewa, nonon da ya isa cikin yaro a shekarunsa biyu na farko yana haramta aure komai ƙanƙantarsa, ko ta tsotso ko ta cokali. Wadda ta ba ɗan maƙwabciya abin da ta tatsa, to ta sanar da iyalan biyu.

Amma in za a faɗi gaskiya, matsalarmu ba ta rashin tara dakashi kafin haihuwa ba ce. Matsalarmu ita ce zubar da shi bayan haihuwa. Har yanzu a gidaje da yawa ana ce masa gurɓataccen nono, a matse shi a zubar, a wanke maman da jiƙo, a hana jariri kamawa kwana biyu ko uku. A wasu ƙauyuka tsofaffi kan tatsa kaɗan a ludayi su jefa tururuwa ciki: in ta fita nono ya yi kyau, in ta nutse an ce yana da cuta. Ruwa mai danƙo irin wannan kuwa ai dole ya riƙe tururuwa. Kafin a gama gwaji an ɗura wa yaro ruwan ɗumi, ko nonon akuya, ko zuma, ko rubutu. Abin da aka zubar shi ne rigakafinsa na farko, cike da sinadaran garkuwar jiki da ke lulluɓe hanjinsa, shi ne kuma ke taimaka masa fitar da baƙin kashin farko, wanda ke rage masa haɗarin shawara. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna jarirai 42 cikin ɗari ne kawai ake sa wa mama a awar farko, kuma 29 cikin ɗari na ’yan ƙasa da wata shida ne ke shan nono zalla. A yankin Kintampo na Ghana an bi jarirai sama da dubu goma, aka wallafa a 2006 cewa da za a sa wa kowane jariri mama a awar farko, da an kauce wa 22 cikin ɗari na mutuwar jarirai a watan farko.

Waɗannan kwanakin da ake hana yaro mama su ne ainihin lokacin da ake gina nono. Bayan cikowar farko, mulki na barin hannun sinadarin jini ya koma hannun mama kansa: abin da aka cire shi ake mayarwa, maman da aka bari a cike kuwa rage aiki yake yi. Shi ya sa ake cewa a ɗora jariri a ƙirjin uwa fata da fata da zarar ya faɗo, a bar shi ya sha sau takwas zuwa goma sha biyu a yini da dare, kada a ba shi ko ruwa. Kunun gyaɗa da fura da gasasshen nama suna ƙara wa mai jego ƙarfi, babu mai hana ta, amma ba sa maye gurbin tsotso. Kunun kanwa ma a yi hattara da shi, likitocin Zariya tun shekarun 1970 suka danganta yawan shansa, haɗe da wankan jego mai tsananin zafi, da ciwon zuciyar masu jego. Mai injin tatsa kuma ta ajiye shi zuwa bayan haihuwa. Idan an sa ɗanta a kwalba ko an yi mata aiki an raba su, ta fara tatsa cikin awannin farko, da hannu tukuna, inji ya biyo baya idan nono ya ciko, sau takwas a kwana. Nan ne kuɗinta zai yi mata rana.

Alamar yaro na samu ba kukansa ba ce, ba kuma taurin mama ba. Daga kwana na biyar a ga yana jiƙa kunzugu sau shida ko fiye a yini, kashinsa ya tashi daga baƙi ya koma rawaya, nauyin da ya rage a kwanakin farko ya dawo cikin mako biyu. Idan kwana biyar sun wuce mama bai ciko ba duk da yaro na tsotso, ba kunu za a ƙara ba, asibiti za a koma. Wani lokaci guntun mabiyiya ne ya rage a mahaifa yana ci gaba da zuba firojestaron, ana kwashe shi nono ya zo. Wani lokaci kuma mace ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa har ’yar ƙwayar da ke ƙasan ƙwaƙwalwa mai fitar da furolaktin ta samu rauni, abin da likitoci ke kira ciwon Sheehan. Rashin nono ne alamarsa ta farko, daga baya al’ada ta ƙi dawowa, kasala ta yi yawa, kuma sai da gwajin jini ake tabbatar da shi.